Wai Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi?

 Akwai wani karin magana da muka gada kaka da kakanni, wanda kowane malalaci ya haddace shi tun bai iya ɗaura tazuge ba, watau wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. To, ni yau jayayya na zo yi da wannan karin magana, da kuma waɗanda suka mai da shi garkuwa suna fakewa a bayansa. Hujjata kuwa daga wani wasan kwamfuta zan ɗauko ta, mai suna Kenshi, wanda waɗansu abokanmu masu ji da kansu a harkar kwamfuta suka mayar abin ba'a a ɗakunan kwana da teburan mai shayi, wai don yana cike da tangarɗa. Na san wani zai ce, me ya haɗa mujallar Hausa da wasan yara? Sai in ce ya yi haƙuri ya biyo ni sannu a hankali, in mun kai ƙarshe ya yanke nasa hukuncin.

Da farko dai bari mu san abin da muke magana a kai, domin da yawa daga masu sukar sunansa kawai suka ji. Kenshi kalma ce ta Japananci, ma'anarta mai takobi, amma wanda ya ƙaga wasan Bature ne mutumin Ingila, sunansa Chris Hunt. Wajen shekarar 2006 ya fara aikin, shi kaɗai, ba kamfani a bayansa, ba attajiri, ba gwamnati. Da dare yana aikin gadi domin ya sami abin sawa a bakin salati, da rana kuma yana zaune gaban kwamfuta yana gina duniyarsa. Haka ya yi ta fama wajen shekara shida. A 2013 ya kai abin da ya samu kasuwar wasanni ta intanet da ake kira Steam, ya gaya wa jama'a ƙiri-ƙiri cewa aikin bai ƙare ba, mai so ya saya a haka. Da kuɗin da suka shigo ne ya ɗauki mutane 'yan kaɗan a ɗan kamfaninsa, Lo-Fi Games, da ke birnin Bristol, cikinsu har da 'yar'uwarsa Natalie Mikkelson, wadda ta riƙe aikin rubuta maganganun mutanen cikin wasan. Sai ran 6 ga Disamba, 2018, aka ce an gama, bayan shekara 12 ana abu ɗaya. Zuwa 2020 an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Wasan yana daga cikin irin waɗanda mai wasa ke shiga rigar wani mutum, ya rayu da rayuwarsa, ya zaɓa masa abin yi, in ya yi wauta ya gani a ƙwaryarsa. Labarinsa kuma ƙagaggen labarin kimiyya ne, dangin Tauraruwa Mai Wutsiya da Umaru Dembo ya fitar a 1969. Sai dai shi Dembo sama ya kai yaronsa ya nuna masa abubuwan al'ajabi, shi kuwa Hunt duniyar da ilmi ya gina, ya kuma rushe da hannunsa, ita ya nuna mana. Manyan dauloli biyu sun yi zamani a cikinta sun shuɗe, ba abin da suka bari sai kufai da ƙarafan injuna masu girman duwatsu, rairayi ya binne rabinsu. Mutane sun koma ga takobi da baka. Akwai butum-butumi na ƙarfe da suka ga faɗuwar daulolin da idonsu, amma in ka tambaye su sai su kau da zancen. A wani yanki ruwan sama ƙona fata yake yi. A wani yankin wuta ce ke saukowa daga sama kamar mashi, tana bin ƙasa tana ƙona duk abin da ta tarar. A wani kuma hazo ne ba ya washewa, masu cin naman mutane suna ihu a cikinsa. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 870 ne, watau ta kusa kai girman dajin Falgore, kuma da ƙafa za ka ratsa ta.

Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin da muka saba gani a shagunan gem shi ne, a cikinsa kai ba kowa ba ne. Ba ɗan sarki ba ne kai, ba wani boka da ya yi duba ya ce kai za ka ceci duniya, ba ma wanda zai ce maka je ka yi kaza. Da yunwa za ka fara, da tsumma a jikinka. Kana fita ƙofar gari mayunwatan 'yan fashi za su tare ka da sanduna, su yi maka lilis saboda ɗan busasshen naman da ke jakarka, su bar ka kwance a rana. In da sauran shan ruwa, ka farfaɗo ka ja ciki ka koma gari. In an yi rashin sa'a masu cinikin bayi su riga ka, su aske maka kai, su sa maka mari, su kai ka fasa dutse. In aka sare maka ƙafa ta tafi ke nan, sai ran da ka tara kuɗin ƙafar ƙarfe. Amma duk dukan da ka sha ka tashi, jikinka ƙara tauri yake yi. A hankali ka haƙi tagulla ka sayar, ka ci abinci, ka sami abokin tafiya, ka sayi takarkari, ka shiga fatauci, har ka kafa ɗan ƙauyenka, ka haƙa rijiya, ka shuka alkama, ka ja katanga. Kana cewa alhamdu lillahi na huta, sai ga masu karɓar haraji tsaye a bakin ƙofa da dakarunsu.

To, jama'a, wanda ya tashi a kudancin Kano yana bukatar tafinta kafin ya gane wannan? Mu da kakanninmu suka ba mu labarin harin Ningawa a ƙarni na 19, yadda manomi ke noma kunnensa na jiran kururuwa, yadda garuruwan ƙasar Tudun Wada da Rano suka dogara ga ganuwa da duwatsu, mun san ma'anar a wayi gari kana ɗa a yini kana bawa. Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877, kuma masu tarihinsa sun kawo cewa rikicin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi yana saurayi, aka kama shi, sai da aka yi fansa. Daga nan ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja, kafin ya rasu a 1955 ba a jin sunan attajirin da ya kai shi a Afirka ta Yamma. Wannan ai ita ce tafiyar da mai wasan Kenshi ke mafarkin yi. Maganar mai karɓar haraji kuwa, duk dattijon da ke Kiru ko Doguwa zai gaya maka yadda ake gudu daji in an ji dakarai sun iso, domin haraji da jangali ba su bar wuyan talakan Kano ba sai da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Wanda kuma ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga ya ratsa hamada cikin ayarin bayi tun kafin a ƙera kwamfuta.

Kufan injunan nan ma muna da namu. Mutanen Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, suna narka kuza tun kafin Turawa su zo. Turawa suka zo da nasu injunan, daga baya aka haƙa rami mai zurfi cikin dutse, sa'an nan a shekarun 1980 aka rufe aikin, kasuwar kuza ta duniya kuma ta faɗi warwas a 1985. Yaron da ya girma yana ganin ƙarfe ya yi tsatsa cikin ciyawa, bai san wanda ya kafa shi ba, bai san aikin da ya yi ba, shi ne zai fi kowa gane zuciyar wannan wasa. Haka wanda ya taɓa ratsa Falgore a mota da almuru, a shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da dajin gidansu, ya ji yadda hira ke mutuwa a bakin fasinjoji, kowa ya koma salati a zuci. Irin wannan shirun ne Hunt ya iya sakawa cikin inji. Sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka jin komai sai iska da takun mutanenka, kiɗa ya ɗan taso can ƙasa-ƙasa ya koma, ka hango ƙura daga nesa, gabanka ya faɗi, ba ka sani ba ko fatake ne ko ajali. Wannan kwarjini kuɗi ba ya sayensa, kamfanoni da yawa sun zuba dukiya sun nema ba su samu ba.

Yanzu sai mu zo ga aibin, kuma ba zan rage wa masu suka ko ƙwayar zarra ba, domin gaskiya suka faɗa. Wasan yana da tangarɗa, irin wadda Turawa ke kira da sunan ƙwaro, kuma duk wanda ya taɓa shi ya shaida. Ka umarci mutuminka ya shiga ɗakin da ke gabansa, sai ya kwasa da gudu ya zagaye dutse. Wani ya maƙale cikin bango, wani ya nutse cikin ƙasa, wani a buge shi da kulki ya tashi sama kamar an harba shi da gwafa. Kana cikin gudun ceton rai sai kome ya daskare, kana kallon allo yana lodin yankin da ke gaba. Wani lokaci wasan ya rufe kansa ba sallama, abin da ba ka adana ba ya bi ruwa. Ka gina ƙofa, mutanenka su ƙi bi ta cikinta, sai ka danna waɗansu maɓallai uku a tare domin inji ya sāke lissafin hanyoyi. Har wata dabara masu wasan suka tanada ta kwashe mutanenka da gine-ginenka a zuba su cikin sabuwar duniya in tsohuwar ta rikice. Zanen kansa ba shi da ƙyalli, domin a kan wani tsohon inji na kyauta mai suna OGRE aka gina shi.

Kuma na yarda cewa tangarɗar nan ta fi ciwo a wajenmu. Bature in wasa ya mutu masa tsaki zai yi ya sāke kunnawa. Ɗalibin da ya je hutu Tudun Wada da tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, wadda batirinta ba ya awa biyu, ya biya kuɗin caji a shago domin masu wuta sun ɗauke tun shekaranjiya, in lodi ya cinye masa rubu'in lokacinsa, ai an cuce shi. Saboda haka masu suka suka ce, tun da mutumin nan ya san ba shi da ƙarfin gama aiki tsaf, me ya kai shi? Ya bar wa manyan kamfanoni mana. Da muguwar rawa, in ji su, gara ƙin tashi. A nan ne muka raba gari.

Na farko, karin maganar nan yana da wurin da ya dace da shi, ba ko'ina ake shimfiɗa shi ba. A watan Agusta na 1988 madatsar ruwa ta Bagauda da ke ƙasar Bebeji ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta ci gidaje da gonaki da rayuka. A wajen gina dam, ko gada, ko haɗa magani, ko tuƙa motar haya, lalle wanda bai iya ba ya zauna, domin kuskurensa kabarin wani ne. Amma wa ya taɓa mutuwa don mawaƙi ya karya amsa-amo, ko don marubuci ya bar ƙugiya a kan dalla? Aikin fasaha da faɗuwa ake koyonsa, kuma a bainar jama'a ake faɗuwar. Wanda ya ɗauko ma'aunin injiniyan dam ya auna mai ƙaga labari da shi, ko dai bai san bambancinsu ba, ko kuwa yana neman dalilin da zai hana shi kansa motsawa.

Na biyu, tangarɗa iri biyu ce, akwai ta rashin ƙarfi, akwai ta rashin amana. Ran 10 ga Disamba, 2020 wani babban kamfani na ƙasar Folan, CD Projekt, ya fitar da wasansa Cyberpunk 2077, shi ma ƙagaggen labarin kimiyya. Ma'aikata ɗaruruwa suka yi shi, an kashe dukiya mai yawa wajen talla, mutum miliyan 8 suka biya kuɗi tun kafin ya fito. Ba a ba masu sharhi damar gwada shi a kan tsofaffin na'urorin wasa ba kafin ranar fitarwa. Da ya fito aka ga abin kunya, har kamfanin Sony ya cire shi daga kasuwarsa ta PlayStation cikin mako guda da 'yan kwanaki, bai mai da shi ba sai watan Yuni na 2021. Daga baya sun gyara, ba a hana su wannan ba. Amma ku dubi bambancin. Mai gadin Bristol ya ce ga kayana da ɓaraka, in kun ga dama ku saya. Su kuwa suka lulluɓe ɓarakar da kyakkyawan mayafi suka karɓi kuɗi. Abin mamaki, abokanmu masu yi wa Kenshi dariya ba su taɓa cewa manyan kamfanoni su daina tashi rawa ba. Ashe dai ba tangarɗa suke ƙi ba, talaka suke rainawa.

Na uku, ku tambayi kanku daga ina tangarɗar Kenshi ta fito. Yawancin wasannin da ke tafiya sumul a wayoyinmu fili ɗaya ne ƙarami, doka ɗaya, a yi harbi ko a buga ƙwallo na 'yan mintoci, a share a sāke. Wanda ya ɗinka hula kaɗai ba wuya ɗinkinsa ya fita tsaf. Shi kuwa wannan bawan Allah babbar riga ya yanka, mai aska takwas, da allura ɗaya. A duniyarsa ayarin fatake na tafiya ko kana kallo ko ba ka kallo, dabbobin daji na far wa masu sintiri, bayi na tserewa, kowane mutum da ƙarfinsa da rauninsa da abin da ke jakarsa. In ka kama shugaban wata daula ko ka kashe shi, garuruwansa na iya faɗawa hannun abokan gabansa, ko yunwa ta cinye su. Duk inda aka haɗa abubuwa masu motsi da yawa haka, tilas wani ya taka wani. Da Hunt ya so wasa marar aibi, da ya rage burinsa ya yi ɗan ƙaramin abu, da kuwa yau ba wanda ya san sunansa.

Na huɗu, kuma wannan ya fi shafarmu mu ɗaliban Hausa, mun taɓa jin irin wannan suka a cikin gidanmu. Lokacin da matasan Kano da Kaduna, maza da mata, suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, me aka ce? Aka ce takardar banza ce, rubutun ba ƙa'ida, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, shafi na goma ya riga na tara. Aka raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta muhawara a jaridu a kan ko abin ya cancanci a kira shi adabi. Kura-kuran gaskiya ne, suna nan har yau ga mai son ƙirgawa. Amma waɗannan littattafai su suka koya wa dubban matan aure karatun boko a cikin ɗakunansu, daga cikinsu kuma aka sami Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka fassara da Turanci aka buga a Indiya a 2012. Haka fim ɗin Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, da kyamarar bidiyo da ƙaramin jari. Da sun tsaya jiran kayan aiki irin na Indiya, da masana'antar da ke ciyar da dubban mutane a Kano ba ta samu ba. Mu da muke rubuta kundin digiri a kan waɗannan ayyuka, da wane baki za mu ce wa wani kada ya tashi sai ya iya?

Ga kuma tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mai gadi ɗaya ya ba duniya wasan da ake bugawa da Japananci da Rashanci da Jamusanci da Faransanci da Sinanci. Mu masu harshen da mutum fiye da miliyan 50 ke magana da shi, masu sassan Hausa da sassan ilmin kwamfuta a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, ina namu? Ku nuna mini ko mai tangarɗar ne in yi murna. Ƙannenmu a Kwanar Ɗangora da Tiga suna kwana a kan waya, sun san sunan bindigogin PUBG da Free Fire ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye su mene ne madugu, ko jagaba, ko zango, ko ubandawaki a ayarin fatake, sai su yi zuru. Harshen da yaro ke wasa da shi, da shi yake mafarki. In muka bar wannan fage gaba ɗaya ga harsunan waɗansu, to, kada mu zo nan gaba muna taron ƙara wa juna sani muna kukan wai yara sun bar Hausa.

Na san uzurorin, na kuwa ji su har na gaji. Wani ya ce ba wuta. A birnin Yawunde na Kamaru ma ɗauke wuta ake yi, amma Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games suka jure, suka fitar da Aurion a watan Afrilu na 2016, wasan da suka gina a kan al'adu da tufafin Afirka. Wani ya ce ba kuɗin kayan aiki, alhali injin gina wasa irin Godot kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfuta na ɗaukarsa. Wani ya ce wasa ɓata lokaci ne. Lalle wanda ya bar salla ko karatu saboda wasa ya yi asara, ko Kenshi ne ko dara ce a gindin bishiya. Amma kakanninmu da suka zauna da mu suka yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba sakarkaru ba ne, sun san da wasa ake cusa wa yaro abin da bulala ba ta cusawa. Wani kuma ya ce akwai abubuwa a cikin Kenshi da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kamar giya da fataucin kayan maye. Gaskiya ne, domin ba don mu aka yi shi ba, kuma ban ce a miƙa wa ƙananan yara ba. To, wanda bai son tuwon maƙwabta ai sai ya hura tasa wutar.

Saboda haka ga shawarata ga wannan ƙungiya tamu. Kenshi yana zuwa da wata manhaja da masu shi suka bayar, Forgotten Construction Set, wadda kowa ke iya sāke maganganun mutanen ciki da sunayen kayayyaki da ita. Mu nemi 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta, mu zauna tare, mu fara da mayar da hirar gari ɗaya cikin Hausa, mu ga irin kalmomin da za mu rasa, mu ƙirƙiro su, mu buga su a wannan mujalla a yi gardama a kansu. In hannu ya faɗa, sai mu gwada namu ɗan ƙarami. Kayan labari kuwa a ƙofar gida suke. Ga hanyar fatake daga Bebeji zuwa Gwanja. Ga ƙofar Bebeji da sojojin Kanar Morland suka fasa da igwa a farkon 1903 a kan hanyarsu ta zuwa cin Kano. Mai son labarin kimiyya kuma ya ɗauki dam ɗin Tiga, wanda Gwamna Audu Bako ya gina aka gama a 1974, aka tashi ƙauyuka ruwa ya rufe su. Ya ƙaddara shekara 300 sun wuce, ruwan ya janye, kufan ƙauyukan sun fito, ruwan sha ya rage sai a ramukan Riruwai, ga ayari ya taso daga Kiru da jarkoki, tilas ya ratsa Falgore kafin rana ta faɗi. Wa zai yi madugu? Wa za a bari in guzuri ya ƙare? Da wace Hausa mutanen wannan zamani za su yi magana? Wannan tambaya ta ƙarshe ba injiniyan da zai amsa ta sai mu.

Na sani sarai abin da za mu fara fitarwa zai yi tangarɗa. Jakinmu zai bi ta cikin bango, madugunmu zai maƙale a kan tsauni, waɗanda suka yi wa Chris Hunt dariya za su juyo kanmu, da ma ba su da wani aikin. Mu dai sharaɗi ɗaya za mu riƙe, shi ne wanda ya riƙe: mu faɗi gaskiyar abin da bai gyaru ba, kada mu karɓi kuɗin kowa da ƙarya, mu yi ta gyara iyakar ƙarfinmu. Karin maganar nan kuwa mu mai da shi ga masu gina dam da gada, can ne gidansa. Hausawan da suka yi shi ai su ne kuma suka ce da koyo akan iya, suka ce himma ba ta ga rago. Wanda bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya ɗauko alƙalami ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ikon tashi, ya raba mu da lalaci mai sanye da rigar hikima, amin.